Agogon da ke sauraren zuciya: Yadda masu bincike ke bin lafiyar mutum har gona da madafa

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Chinade, cikin Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, ba sai an yi masa bayanin bazara ba. Tun da hantsi rana ke fara cizo, kafin azahar ɗakin kwano ya koma tamkar tanderu. Maza na gona suna sassabe da kai taki kafin ruwa ya sauka, mata na gida suna surfe da daka da fama da hayaƙin murhu. Da dare kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida, a yi ta juyi ana fifita, barci ba ya zuwa sosai sai iskar asuba ta kaɗo.

A cikin wannan yanayi ne mai cikin wata bakwai za ta shirya ta tafi awo. Takan isa asibiti da sanyin safiya, ta zauna a benci cikin inuwa ta huta kafin layi ya zo kanta. A gwada jininta, a saurari bugun zuciyar ɗan da ke cikinta, a rubuta a kati cewa komai lafiya lau. Ma'aikaciyar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ke nan a 'yan mintocin da matar ta yi a gabanta. Sai dai katin bai san halin da zuciyar matar ke shiga da ƙarfe biyu na rana ba, lokacin da take durƙushe gaban kaskon tuyar ƙuli-ƙuli, gumi na zuba, rabonta da ruwa tun safe. Bai kuma san awa nawa ta runtsa daren jiya ba.

Abin da ke faruwa tsakanin wannan awo da na gaba shi ne masu binciken lafiya ke ƙoƙarin ganowa da wasu ƙananan na'urori da ake ɗaura wa mutum a jiki. Babu igiyar da ta haɗa su da wani inji, don haka mutum na iya zuwa gona ko kasuwa, ya yi girki, ya kwanta barci, su kuwa suna ta rubuta abin da jikinsa ke ciki. An riga an yi irin wannan bincike a ƙauyukan Gambiya da Burkina Faso, an kuma gwada 'yar uwar wannan fasaha a Kano da Dutse. Da yake tun shekarar 2021 Azare ta samu Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma babban asibitin tarayya a garin, ba abin mamaki ba ne wata rana masu bincike su yi sallama a ƙofar wani gida a Chinade da irin wannan na'ura a hannu. Gara iyalai su san ta tun kafin wannan rana.

Daga jaka mai kilo 38 zuwa agogon hannu

Tunanin ba sabo ba ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin kimiyya a garin Helena na Jihar Montana a Amurka, mai suna Norman Holter, ya damu da cewa likitoci ba sa gwada zuciya sai mutum na kwance shiru a kan gado, alhali ciwon zuciya kan kama mutum ne yana tsaka da harkokinsa. Sai ya haɗa wata na'ura da ake goyawa a baya, tana aika bugun zuciya ta iska kamar tashar rediyo. Nauyinta ya kai kilo 38, wato ta kusa buhun siminti. A farkon shekarun 1960 aka rage girmanta har ta shiga kasuwa, kuma har yau likitocin zuciya a manyan asibitoci na maƙala wa majinyaci na'ura mai sunansa, ya tafi da ita gida ta yi kwana ɗaya ko biyu a jikinsa.

Na'urorin yanzu ba su fi agogon hannu ko kwalin ashana ba, kuma iri-iri ne.

Akwai na hannu, mai kama da agogo. A bayansa akwai wani ɗan koren haske da ke haska fata. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini kan ƙaru a jijiyoyin da ke ƙarƙashin fatar, sai hasken da ke dawowa ya ragu. Da wannan raguwa da ƙaruwa agogon ke ƙirga bugun zuciya. A cikinsa kuma akwai ma'aunin motsi da ke ƙirga taku, ya kuma kintata lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da ya farka.

Akwai ɗamarar ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin riga. Ita tana ɗaukar ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa da kanta a kowane bugu, tana ƙirga numfashi, tana auna zafin fata. Ta fi agogo daidaito, musamman ga mai aikin ƙarfi da hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Akwai wanda ake mannawa a hamata ko a ƙirji kamar filasta don auna zafin jiki dare da rana. Akwai ma'aunin hawan jini da ake ɗaurawa a damtse, yana kumbura da kansa bayan kowane minti 15 zuwa 30 da rana, ya ɗan jinkirta da dare. Da shi ake gane masu jinin da ke hawa don fargabar ganin likita kawai, da kuma waɗanda nasu kan kwanta a asibiti amma ya tashi a gida.

Yawancinsu suna adana bayanan a cikinsu, sannan su tura wa wayar ma'aikacin bincike ta Bluetooth idan ya zo kusa, ita kuma wayar ta aika wa kwamfuta ta intanet. Ba sa huda fata, ba sa zuba wa jiki magani, ba sa ɗibar jini. Aikinsu saurare da rubutawa.

Abin da aka gano a gonakin Gambiya

Binciken da ya fi kusa da rayuwar matan karkararmu shi ne wanda Dokta Ana Bonell da abokan aikinta na cibiyar binciken lafiya ta MRC a Gambiya suka yi a yankin Kiang ta Yamma tsakanin 2019 da 2020. Sun bi mata masu ciki 92, dukkansu manoma, har gonakinsu da lambunansu. Kowace ta sa na'ura a ƙarƙashin tufafinta tana ɗaukar bugun zuciya da zafin fata yayin da take aikin da ta saba. Masu binciken kuma suna gefe suna auna zafin wurin da laimar iska, suna sauraren zuciyar ɗan tayi da ƙaramar na'urar hannu kafin a fara aiki, da tsakiyarsa, da kuma bayan an tashi.

A ƙa'ida zuciyar ɗan tayi kan buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Idan ta zarce haka sosai, ko ta faɗi ƙasa, ko jinin da ke bi ta igiyar cibiya ya ragu, alama ce ɗan na cikin takura. Sakamakon da mujallar The Lancet Planetary Health ta wallafa a watan Disamban 2022 ya nuna an ga irin wannan takura a kusan ɗaya cikin uku na ziyarce-ziyarcen da aka kai gonakin. Duk ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin tsananin zafi ya zo da ƙarin kashi 17 cikin 100 na takurar ɗan tayi. Fiye da rabin matan kuma sun yi kukan ciwon kai, ko jiri, ko kasala, ko tashin zuciya, ko bushewar baki a lokacin aiki.

Dalilin ba boyayye ba ne ga likitoci. Mai ciki dama zuciyarta na aikin mutum biyu: jinin jikinta kan ƙaru da kusan rabi, bugun zuciyarta kan ƙaru da 10 zuwa 20 a minti. Idan zafi ya tsananta, jiki kan tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, gumi kuma ya rage ruwan jiki. Wani ɓangare na jinin da ya kamata ya tafi mahaifa sai ya karkata. Wani babban nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike 70 daga ƙasashe 27, ya nuna haɗarin haihuwar bakwaini da na haihuwar ɗa ba rai kan ƙaru da kimanin kashi 5 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, kuma haɗarin bakwaini kan ƙaru da kashi 16 cikin 100 a kwanakin da zafi ya yi tsanani a jere.

Da a ce an jira matan nan na Gambiya sun zo asibiti sun huta kafin a auna su, da ba a ga komai ba. Sai da aka bi su gona.

Barcin bazara a ma'auni

A garin Nouna da ƙauyukan kewayensa, a arewa maso yammacin Burkina Faso, cibiyar binciken lafiya ta garin da masanan Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun raba wa mutum sama da 100 agogon hannu, suka sa shi kusan shekara guda tsakanin 2021 da 2022. An kafa tashoshin auna yanayi a yankin, aka riƙa kwatanta zafin kowace rana da abin da agogunan suka rubuta. Abin da ya fito fili shi ne barcin mutane kan ragu idan zafi ya ƙaru.

Mutumin Chinade zai ce ai wannan ba labari ba ne, kowa ya san bazara na hana barci. Gaskiya ne. Amma abin da kowa ya sani a baki ba ya shiga kasafin kuɗin gwamnati sai ya zama lamba a takarda. Lambar ce ake ɗauka a je gaban hukuma a nemi a sa silin da fanka mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa, ko a dasa itatuwa a harabar asibiti. Ƙarancin barci kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin yana da alaƙa da hawan jini da raguwar ƙarfin aiki.

Zafin kuwa ƙaruwa yake yi. A arewacin Najeriya ya zama ruwan dare ma'auni ya haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. A ranar 3 ga Afrilun 2024, a ƙarshe-ƙarshen azumin Ramadan, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan.

An gwada a Kano da Dutse

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciya kan raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa, mace ta kasa kwanciya rigingine. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka kuma zargi wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci 22 na ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna a Arewa maso Yamma ana iya samun ciwon a haihuwa ɗaya cikin 96, adadin da ba a san wanda ya kai shi ba a duniya. Amma binciken bai ga alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Abin da ya gani shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wannan ya nuna amfanin awo: yakan gyara har abin da likitoci suka daɗe suna ɗauka.

Wahalar ciwon ita ce alamominsa sun yi kama da nauyin ciki na yau da kullum, ga shi injin hoton zuciya sai a manyan asibitoci. Saboda haka tsakanin 2022 da 2023 aka yi wani gwaji a asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Malam Aminu Kano da Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, tare da haɗin gwiwar asibitin Mayo na Amurka. An yi amfani da abin sauraren ƙirji na zamani marar igiya. Ana ɗora shi a ƙirjin mace na 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗauki sautin zuciya da lantarkinta, ya tura wa waya, sai manhajar ƙirƙirarriyar basira ta faɗi ko akwai alamar rauni. Wadda aka ga alama a jikinta sai a tabbatar da hoton zuciya.

Mata kusan 1,200 ne suka kammala gwajin. A rukunin da aka yi wa sabon awon an gano 24 cikin 587 masu raunin zuciya, a rukunin da aka yi wa awon da aka saba kuwa 12 cikin 608 aka gano. Wato ninki biyu. Mujallar Nature Medicine ce ta wallafa sakamakon a 2024. Wannan na'ura ba a kwana da ita a jiki, amma gidansu ɗaya da sauran: ƙarama ce, ba ta da igiya, tana iya zuwa inda babban inji ba ya zuwa. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a faɗin duniya, kowace mace ɗaya da aka gano da wuri uwar wasu ce da aka ceto.

Zafin matan Chinade na cikin gida ne

Ba za a kwashi sakamakon Gambiya a ɗora wa Chinade kai-tsaye ba. A can mata ne ke yawan noman shinkafa da lambu. A nan, ko da yake akwai masu fita roron gyaɗa da tsinkar wake da sussuka da ɗebo ruwa da itace, matan aure da yawa a gida suke wuni. Zafinsu na madafa ne da ba ta da taga, da ɗakin kwano marar silin, da tuyar ƙosai da awara, da matsar man gyaɗa, sannan ga ruwan zafi na kwana arba'in bayan haihuwa, ko da a tsakiyar bazara aka haihu. Ma'aunin zafin da ke tashar hasashen yanayi ba ya shiga waɗannan wurare. Na'urar da ke jikin mace ce kaɗai ke iya shiga.

Haka abin yake ga maza. Manomin da ke huɗa da garma, da makiyayin da ke wuni a daji, da ɗan acaɓan da ke zirga-zirga tsakanin Chinade da Azare, da mai gasa burodi, duk suna zubar da gumi mai yawa, kuma likitoci sun san yawan bushewar jiki na wahalar da ƙoda. Irin waɗannan mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da su. Idan ana son sanin abin da aikin ke yi wa jikinsu, dole awon ya bi su inda suke.

Inda na'urar ke tuntuɓe

Kada a ɗauka duk lambar da ta fito a fuskar agogo yankan wuƙa ce. Na'urorin da ke aiki da haske suna iya kuskure a kan baƙar fata. A watan Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun wallafa cewa ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini ya fi kasa gano ƙarancinta a baƙaƙen majinyata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Baƙin lalle da jan farce mai duhu ma na iya rikita shi. Gumi kan ɓamɓare na mannawa, ƙura kan shige na hannu, agogon da ya yi sako-sako kuma ba ya ƙirga daidai. Mai daka a turmi na iya samun dubban taku a agogonta alhali ba ta bar tsakar gida ba.

Ga kuma matsalar caji da sabis, wadda duk mai waya a karkara ya sani. Masu binciken Nouna ma sun tarar da giɓi mai yawa a bayanan da suka tattara. Don haka binciken kirki kan tanadi hasken rana na caji da ma'aikatan da ke zagayawa suna duba na'urorin.

Sai kuma agogunan da suka cika kasuwannin waya, waɗanda ake cewa suna auna hawan jini da sukari. Masu araha daga cikinsu ba abin dogaro ba ne, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a dogara da duk wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya rage magani ko ya daina saboda abin da agogo ya nuna masa.

Tabon da bai gama warkewa ba

Babban abin da zai sa irin wannan bincike ya yiwu ko ya rushe a ƙasar Hausa shi ne amana. Mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na'urar da ake ɗaurawa ba magani ba ce, amma tana da nata abin lura. Tana sanin lokacin barcin mutum da tashinsa, wasu ma suna rubuta duk inda ya taka. Wannan sirri ne, kuma doka ta san da haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana yin bincike a kan mutum sai da amincewarsa a rubuce, bayan an yi masa bayanin manufar binciken da abin da ka iya biyo baya. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 ya wajabta wa kowane bincike samun sahalewar kwamitin ɗa'a kafin a fara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

A al'adarmu baƙo kan fara da gaida hakimi da dagaci da mai unguwa, sannan ya nemi iznin maigida. Wannan daidai ne, kuma mai binciken da ya tsallake shi bai san inda ya zo ba. Sai dai iznin mai unguwa ko na maigida ba ya maye gurbin na wadda za a ɗaura wa na'urar. Idan uwargida ta ce ba ta so, magana ta ƙare.

Tambayoyin da za a yi kafin a amince

Matambayi ba ya ɓata. Idan masu bincike suka zo gidanku, ku zaunar da su ku tambaya:

Daga wace jami'a ko asibiti kuke, kuma ina takardar sahalewar kwamitin ɗa'a? Wa za mu kira idan muna da ƙorafi?

Me na'urar ke ɗauka? Tana nuna inda mutum yake? Tana ɗaukar murya ko hoto?

Wa zai ga bayanan, ina za a ajiye su, kuma da sunana za a ajiye ko da lamba?

Idan na'urar ta nuna matsala a jikina, za ku sanar da ni nan take? Wa zai kai ni asibiti, wa zai biya? Wannan tambaya na da muhimmanci, domin na'urorin bincike da yawa ba a duba abin da suka rubuta sai bayan kwanaki ko makonni. Kada mace ta ji jiri ta zauna tana jiran agogo ya kira likita.

Ruwa na lalata ta? Zan iya cire ta lokacin alwala da wanka? Idan ta ƙirji ce, mace ce za ta ɗaura wa mace?

Idan ta lalace ko ta ɓata, za a ce in biya?

Idan an gama, za ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano da Hausa?

A karanta muku takardar amincewa da harshen da kuke ji. Wanda ba ya rubutu na iya dangwala yatsa a gaban shaidan da ya yarda da shi, a kuma ba shi kwafinsa. Kowa na da 'yancin fita daga bincike duk ranar da ya ga dama, kuma babu asibitin da ke da ikon hana shi magani saboda ya ƙi shiga ko ya fita.

Abin da ba sai an jira na'ura ba

Darasin da aka samo daga Gambiya da Nouna na kowa ne, ko an taɓa ɗaura masa agogo ko ba a taɓa ba. Mai ciki ta mayar da aikin ƙarfi zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar. Ta ajiye ruwan randa kusa da ita, ta riƙa sha tun kafin ƙishi ya kama ta. Idan fitsari ya yi duhu ya kuma ragu, jiki na neman ruwa ne. A fitar da murhu zuwa rumfa mai iska maimakon madafar da ke rufe. Idan zafi ya yi yawa ta jiƙa zane ta shafa a wuya da hamata, ta kwanta ta gefen hagu a inuwa.

Maigida kuma da uwar miji da abokan zama su sani cewa hutun mai ciki da rana ba son jiki ba ne. Ɗebo ruwa da faskare da dakan tsakar rana a bazara a ɗauke mata su. Buhunan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, ko zana da karan dawa a samansa, ko bishiyar darbejiya a tsakar gida, duk suna rage zafin ɗaki.

A garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan mai ciki ko mai jego ta ji matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannaye suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko ta suma, ko ta ga jini, ko motsin ɗa ya ragu. Jinin da ya kai 140 bisa 90 a lokacin ciki na buƙatar kulawar ma'aikatan lafiya tun kafin ya kai ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas kafin haihuwa.

Idan kuma ranar awo ta zo, kada uwargida ta tsaya ga amsa abin da aka tambaye ta kawai. Ta gaya wa ma'aikaciyar irin aikin da take yi, da ƙarfe nawa take yinsa, da yadda take ji idan rana ta take, da yadda take kwana. Kafin na'ura ta iso Chinade, bakin mai ciki ne zai kai wa asibiti labarin madafa da tsakar gida.